Kamfanin da ya kai mu Isra'ila: masauki ba laifi, matsalar jagora ce

Masu tambayata kan kamfanin da cocinmu ya bi zuwa Ƙasa Mai Tsarki, gaskiya bas ɗinsu mai kyau ce, otal tsaf, abinci ba laifi duk da dai babu tuwo. Damuwata jagoran da suka haɗa mu da shi ne, da kuma mu kanmu Kirista.

A Kaisariya ya nuna mana dutsen nan da aka tono a 1961 mai ɗauke da sunan Bilatus, gwamnan Roma da ya yanke wa Yesu hukunci, kowa sai Haleluya ana ta ɗaukar hoto, ni ma na ji daɗi sosai don wannan abu ne tabbatacce, sai dai bai gaya mana kwafi ne ba, na asalin yana gidan tarihi a Urushalima. Da muka isa Yariko kuwa sai ya nuna wasu duwatsu wai ga ganuwar da ta faɗi gaban Joshuwa, alhali Kathleen Kenyon da ta yi tono a wurin daga 1952 zuwa 1958 cewa ta yi garin ya rushe tun wajen 1550 kafin haihuwar Almasihu, wato tun kafin zamanin da ake lissafa wa Joshuwa. Akwai masu ja da ita, to ai sai a faɗa mana ana jayayya ko? Na tambaya, wata mama ta ce ɗana kada ka kawo mana shakka a wuri mai tsarki. Abin ya taɓa ni ƙwarai.

Wanda ya fi damuna shi ne Kabarin Lambu, wurin da wasu ke cewa nan aka binne Yesu a Urushalima. Wurin akwai natsuwa, mun yi addu'a har da hawaye, amma masanin tonon kayan tarihi Gabriel Barkay ya nuna an sassaƙa kabarin ɗaruruwan shekaru kafin Yesu, Yohanna 19:41 kuma sabon kabari ya ce. Masu kula da wurin ma ba sa cewa tabbas nan ne, jagoranmu ne ya dage don ya ga abin da muke son ji ke nan. In tono ya goyi bayanmu mu ce kimiyya ta tabbatar, in ya saɓa mu ce aikin marasa bi ne, haba jama'a! Bangaskiyata ba ta girgiza ba ko kaɗan, amma kuɗi na biya a koya mini tarihi.

Tauraro 3 na ba su cikin 5. In za ku bi su, ku sa fastonku ya nemi jagora mai ilimin tonon kayan tarihi tun kafin a biya kuɗi.