Kawu, a nan ba a kai ƙarfen birki wurin mai walda

Kawu, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da yaran gareji. Ya zafin Tawa? Mu nan Liyon ruwa ne ba dare ba rana, kuma shi ya jawo labarin da zan ba ku.

Makon jiya na fita kai abinci da ƴar Yamaha 125 ɗina, taya ta hau ƙarfen jirgin cikin gari da ya jiƙe, sai ga ni a ƙasa ta ɓangaren dama. Alhamdu lillahi, ƙujewa ce kawai a gwiwa. Amma farantin da ke riƙe matakin ƙafa da fedar birkin baya ya rabe biyu.

Ni da na tashi a hannunku, ko a jikina. Na ce ai aikin minti goma ne, kamar yadda kuke turo ni da matakin Kasea wurin mai walda, ya ɗiga masa wuta, a shafa baƙin fenti, ɗan kabu-kabu ya hau ya yi gaba. Na ɗaure guntayen a leda na tafi gareji. Bature ya juya su a hannu, ya ce ba ya taɓawa. Sabo za a aiko, Yuro 120, kusan jika 79 ke nan a kuɗinmu, aikin hannu kuma Yuro 70 kowace awa, sai na jira kwana biyar. Kawu, na tsaya baki buɗe.

Da farko na ɗauka cuta ce. Da na duba wurin karayar sai na ga ba haka ba ne. Namu na gida baƙin ƙarfe ne, yana lanƙwashewa, ku buge shi da guduma ya dawo. Wannan kuwa sanholo ne aka zuba, irin na tukwanen kasuwar Katako ta Yamai, cikinsa gari-gari. Ba ya lanƙwasa, tsinkewa yake yi. Waldar da muka sani ba ta kama shi, sai injin da ke aiki da iskar argon, kuma ko an liƙa, zafin yana rage masa ƙarfi. To a kansa fedar birki take juyawa. Ran da mutum ya taka da ƙarfi a gaban babbar mota, ran nan zai saki. Ga shi tun Afrilun 2024 Faransa ta wajabta wa babura binciken lafiya, kamar motoci.

Sabon dai ban saya ba, ɗan Adar ne ni. Na samu na hannu a Leboncoin, shafin intanet na sayar da kayan hannu, Yuro 45, wanda aka ciro daga moton da ya yi haɗari ta gaba. Kusoshi biyu ne da sifirin, na ɗaura da kaina a ƙofar gida, maƙwabcina yana leƙe ta taga kamar ina sihiri. Nan na gode muku. Kaya suna da shi, amma hannu irin naku tsada gare shi.

Abin da nake roƙo, in an kawo muku manyan baburan nan masu farantin sanholo, matakin ƙafa ku yi masa dabararku, na birki kuwa a nemo wani. Akwai mai tahowa bayan Salla, zan ba shi mabuɗan nan masu kusurwa shida ya kawo muku. Ku sa yaro ya ɗauko mini hoton waɗanda kuke da su, kar in sayo iri ɗaya.