Hattara da masu tallan kukar gas "'yar Italiya" a waya

Assalamu alaikum 'yan uwa na Katsina da kewaye, musamman iyaye masu shirin kai ɗiya ɗaki. Abin da zan faɗa a gidanmu ya faru, ba ji na yi ba, kuma har yau ban huce ba.

Ɗiyar yayana ce aka sa wa rana, gidanta yana wajen Ƙofar Ƙaura. Da aka zauna rabon kayan kicin, ni goggonta na ɗauki kukar gas, domin yarinyar tana da hannun girki, tana gasa kek da biredi har ana saye a wurinta. Na ƙudura babba zan saya mata, mai kai biyar da oben, mai faɗin santimita 90, wadda babbar tukunya za ta zauna a kanta daram. Ina cikin cigiya wata ƙawata ta turo mini lambar wani mutum da take ganin tallarsa a WhatsApp. Ita ma ba ta taɓa sayen komai a hannunsa ba, sai daga baya na san haka.

Ya turo bidiyon sito maƙil da kwalaye, da wata kuka tana ƙyalli, an rubuta Smeg a gabanta. Ya ce kwantena ce ta iso daga Italiya, kayan suna Legas, guda uku suka rage, naira dubu 900. Smeg kamfani ne na gaske, yana garin Guastalla na ƙasar Italiya tun 1948, kuma ba shi da hannu a abin da aka yi mana. Amma kukarsa mai wannan girma miliyoyi ake sayar da ita, kuma tun daga kuɗin ya kamata in tsaya. Araha ba ta ado. Lokacin saura kwana 16 a yi jere, hankalina yana kan kada yarinya ta ji kunya gaban dangin miji.

Ya nemi rabin kuɗi kafin alƙalami. Sunan da ya fito a asusun daban da sunan shagon, da na tambaya ya ce na ƙanensa ne, nasa ya samu matsala. Bayan kwana huɗu ya ce a ƙara dubu 45 kuɗin lodi. Daga nan shiru, sai ana saura kwana uku jere wani ya kira ni wai direba ne, yana tasha, kuma an ce kada ya sauke kaya sai mai su ya ga alat. Na ce a bari in buɗe tukuna. Mai tallan ya kira ni da kansa, muryarsa a sanyaye: "Haba Hajiya, ke uwa ce a wurina, wallahi ba zan cuce ki ba." Na cika kuɗin.

Kwalin an sake liƙe shi da selotef. Babu takardar garanti, babu littafin bayani, babu rasit. Yaro ɗaya ya cicciɓe ta zuwa kicin, don ba ta da nauyin babbar kuka.

Allah Ya saka wa malamin da ke haɗa mana gas da alheri, shi ya tsare mu daga abin da ya fi asarar kuɗi. Bai ce komai ba sai da ya zagaya bayanta. Kowace kuka ta ƙwarai tana da ɗan allo a baya ko cikin durowar ƙasa, mai ɗauke da sunan kamfani, lambar samfuri, lambar ita kanta kukar, da irin gas ɗin da aka saita ta a kai. Na wannan an kankare shi. Ya sa farce a haruffan sunan, sai ga ɗaya ya ɓallo, ashe da gam aka manna. Ƙarafan da tukunya ke zama a kai sirara ne aka shafa wa baƙin fenti, alhali na babbar kuka masu kauri ne, da hannu ɗaya sai ka ji nauyinsu. Ƙofar oben gilashi ɗaya gare ta maimakon biyu ko uku, wato da ya ɗauki zafi yaro mai rarrafe na dafawa zai ƙone. Cikin oben kuwa tsatsa ce aka bi da fenti.

Sannan ya kunna. Wuta ta tashi doguwa, ruwan ɗorawa, nan da nan gindin tukunya ya yi baƙi. Ya ce, "Hajiya, wannan tsohuwar gwanjo ce, kuma ba a saita ta da gas ɗinmu ba." A Turai gidaje da yawa gas na bututu suke amfani da shi, mu kuma na tukunya. Ɗan bakin tagullan da gas ke fita ta cikinsa, wanda masu gyara ke kira nozul, raminsa ya fi faɗi a na bututu. In ba a sauya shi ba, gas ɗinmu sai ya fito fiye da kima, bai ƙone sosai, ga hayaƙi mai illa a rufaffen kicin. Wutar kirki shuɗiya ce, a natse. Bayan haka ya hure wutar, muka yi tsit, muna jin gas yana ci gaba da fita. Kuka mai tsada ta zamani tana da ɗan tsinken ƙarfe kusa da kowane kai, wanda in wuta ta mutu ya huce, yake datse gas da kansa. Na tuna amarya ita kaɗai a gida, miya ta tafaso ta kashe wuta tana ɗaki. A nan ne na yi kuka.

Kafin magariba mai tallan ya toshe lambata.

Sayar da gwanjo ba laifi ba ne in an faɗa maka gwanjo ce, ka sa mai gyara ya duba. Laifin shi ne ƙarya. Kuma ina roƙon mu rage kwaɗayin suna. Akwai Scanfrost, Nexus, Maxi da ire-irensu a shagunan garin nan da na Kano, da rasit da garanti, in ta samu matsala ka san ƙofar da za ka buga. Ku tambaya ko oben na gas ne ko na lantarki, don na lantarki ƙaramin janareta bai ɗaukarsa. In an ce daga Amurka aka kawo, ku sani ƙarfin wutar lantarkinsu ta gida volt 120 ne, tamu 230. Ku ɗauki hoton allon nan na baya, ku nemi lambar samfurin a shafin kamfanin. Sunan shago ana iya duba shi a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, kuma in ya saɓa da na asusu, kada ko sisi ya fita. A haɗa tukunyar gas a kunna kowane kai gabanku, a hure, ku saurara. Wanda ya ƙi yarda da haka cinikin biri a sama yake so ku yi.

Mun kai rahoto wurin 'yan sanda da banki, na kuma rubuta ƙorafi ga hukumar kare masu saye, FCCPC, da hotunan hirarmu da shaidar biya. Yayana ya haɗa da abin da ya rage mini muka sayi mai kai huɗu a shago nan cikin gari, aka kunna ta gabanmu. Da na ba yarinyar haƙuri cewa ta yi, "Goggo, wannan ma ta ishe ni."

Waccan tana nan a sito. Wani ya taya wai zai gyara ya sayar, na hana. In an gama bincike 'yan gwangwan za su farfasa ta gabana. Shi kuwa mutumin, jiya aka nuna mini ya dawo da sabon suna da sabuwar lamba, yana tallan firij, da bidiyon siton nan dai da ya turo mini.