Sharhi: bel ɗin ɗaure ƙugu da ake sayarwa a kyamis

Bel ɗin da na yi amfani da shi irin wanda ya cika kyamis da shagunan intanet ne: faffaɗan roba mai laushi, ƙarafa huɗu masu lanƙwasa a ɗinke ta baya, sai ɗamara biyu a gefe da ake ja a manne a gaba. A ganina yana da amfani a kwanakin da ciwo ya motsa, amma ga ciwon bayan da ya wuce wata uku ba shi ne magani ba, duk da abin da masu talla ke faɗa.

Wurin awo ake fara kuskure. Mutane na saye da lambar wando, alhali a saitin cibiya ake zagaya tef ɗin tela. Idan ya yi kaɗan sai ya naɗe ya hau haƙarƙari, idan ya yi yawa ƙarafan su kauce daga gefen ƙashin baya. A ɗaura shi a kan singileti, don a fata tsirara gumi ne da ƙurajen zafi. Gefensa na ƙasa ya sauka har saman ƙashin kwankwaso, a fara manne babban bakin, sannan a ja ɗamarar gefe biyun tare. Yatsa biyu su iya shiga tsakaninsa da ciki. Ba a kwana da shi.

Aikinsa uku ne kawai. Yana matse ciki, yana rage sunkuyo, kuma yana tuna wa mutum bayansa da zarar ya fara lanƙwashewa. Wannan na ƙarshen ya fi komai daraja, musamman a tsaye ko wajen ɗaga kaya. A zaune kuwa abin haushi ne: gaban ya tokare cinya, bayan ya ɗage sama. Tela da direban dogon zango za su fi morar tawul da aka naɗe kamar kaurin damtse aka sa a kwarin baya. A ruku'u da sujada ma yana tokarar haƙarƙari, gara a kwance shi. Mannin yakan cika da zare ya daina kamawa, don haka a manne shi a rufe kafin wanki, a wanke da hannu, a shanya a inuwa.

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta kan ciwon baya mai daɗewa, ta sa irin wannan bel cikin abubuwan da ba ta so a riƙa amfani da su yau da kullum, ta fifita motsa jiki da wayar da kan mara lafiya. Ana yawan cewa bel na kashe tsoka, bincike bai tabbatar da hakan ba. Illar da ta fi fitowa fili ita ce sabo: mutum ya koma tsoron sunkuyawa in babu shi, jiki ya sandare, ciwon ya ƙara zama.

Abin da ya kamata ya maye gurbinsa kyauta ne. A ɗauki sanda doguwa a ɗora ta a baya, ta taɓa ƙeya, tsakanin allon kafaɗu, da saman ɗuwawu. A sassauta gwiwa kaɗan, a tura ɗuwawu baya kamar za a rufe ƙofa da shi, a sunkuya ba tare da sandar ta rabu da wuraren nan uku ba. In ta bar saman ɗuwawu, to baya ne ya lanƙwashe maimakon kwankwaso. Sau goma a hankali ya isa.

Sai atisayen da Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada ya yi fice da koyarwa. A durƙusa a kan hannaye da gwiwoyi, a miƙe hannun dama da ƙafar hagu, a riƙe daƙiƙa goma ana numfashi, sannan a canza. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga ƙafa ta wuce saitin baya, sai ƙugu ya lotsa ciwon ya ƙaru. A haɗa da tashi daga kujera duk rabin awa, ko da taku kaɗan ne.

Mai hawan jini, mai ƙaba da mai juna biyu su tambayi likita kafin su matse ciki da bel. Idan kuma ciwon ya zo da mutuwar ƙafa, ko rashin jin taɓi a matse-matsi, ko kasa riƙe fitsari, asibiti za a nufa ranar. Haka ciwon da ke tare da zazzaɓi, gumin dare da rama, domin tarin fuka na kama ƙashin baya. A Kano, Asibitin Ƙashi na Dala na da sashen gashi inda ake duba irin wannan.