Faifan Birkin Marsandi: A Goge ko a Sauya?

Idan ka taka birki a guje ka ji sitiyari yana karkarwa a hannunka, yawanci faifan birkin ne ya ci ba daidai ba. Daga nan bakanike zai ce ko a kai shi inji a goge, ko a sayi sabo.

Gogewa ta fi araha, kuma a rana ɗaya an gama. Sai dai injin yana cin ƙarfe ne, faifan manyan motocin Jamus irin Mercedes E-Class kuwa ba shi da rarar kauri sosai. Tsakanin sabo da wanda ya ƙare, sau da yawa milimita 2 ne kacal. A jikin faifan an buga mafi ƙarancin kaurinsa da alamar MIN TH. Ka sa a auna a gabanka. Idan gogewar za ta kai shi ƙasa da wannan lamba, a bar maganar, domin siririn faifai yana saurin ɗaukar zafi, motar kuma tana da nauyi.

Sauyawa ta fi cin kuɗi, don ba a sauya ɗaya, sai dama da hagu tare, da sababbin fad, wato abubuwan da ke matse faifan idan an taka birki, har da 'yar wayar da ke kunna fitilar gargaɗi idan wayar ta lalace. Ni dai a kan irin wannan mota sauyawa na fi yarda da ita. Amma kafin a ɗaura sabon, a kankare tsatsar da ke kan mazauninsa tas, in ba haka ba karkarwar za ta dawo bayan 'yan watanni.