Trainz 2022 da layin Gusau zuwa Kaura Namoda: abin da manhajar ke iyawa da inda take gazawa

Duk mai son gina hanyar jirgin ƙasa a kwamfuta zai ji sunan Trainz, manhajar kamfanin N3V Games na Ostareliya, wadda aka fara fitarwa a 2001. Sashen gini nata, Surveyor, shi ne abin sayen. Tuƙin ma dai kowace manhaja na yi. To amma in aka ce a gina layinmu, wanda ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Kaura Namoda a 1929, nan ne ake ganin ƙarfinta da kuma gurgunta.

Ƙasa a Trainz fegi-fegi take, kowane fegi mita 720 ta kowane gefe. Kilomita 10 na layi zai ci fegi 14 a tsawo, in kuma ka ƙara biyu hagu biyu dama don kada direba ya hango ƙarshen duniya, sun zama 70. Shi ya sa mai farawa bai kamata ya ɗauki Gusau zuwa Kaura gaba ɗaya ba. Ya kama tashar Gusau da kilomita biyar na wajen gari, ya gama su tukuna. Ana iya zana ƙasar a ma'aunin mita 10 ko mita 5. Na mita 5 ya ninka wancan sau huɗu wajen nauyi, don haka a bar shi ga fegin da dogo ya ratsa, inda ake buƙatar gefen rami da bakin kwalbati su fito tsaf.

Tudu da kwari na gaskiya ba sa shigowa da kansu, kuma wannan babban giɓi ne. Sai ka sayi wata manhaja daban, TransDEM, ka ɗora mata bayanan tsayin ƙasa na SRTM da hukumar NASA ta auna a shekarar 2000. Bayanan kyauta ne, amma kowane awo ɗaya na wakiltar kusan mita 30. A fili kamar namu wannan ya wadatar, kuma dutse irin na Kwatarkwashi zai fito a gane shi daga nesa, sai dai a mulmule, ba tsagewa ba kaifi. Matsalar tana cikin gari. Na'urar NASA ta auna saman itatuwa da rufin gidaje ne tare da ƙasa, saboda haka tsakiyar Gusau kan fito da ƙulle-ƙullen tudu da babu su. Wanda ya shimfiɗa dogo a kai kai tsaye zai ga jirgi na hawa da sauka kamar jaki a kunyar dawa. Maganin shi ne a shimfiɗa dogon, a bi kowace gaɓa, wato wurin da ka danna lokacin shimfiɗa dogon, a rubuta mata tsayi da hannu, kada gangara ta wuce kashi 1 cikin 100, sannan a danna umarnin da ke ɗaga ƙasa ko sauke ta ta dace da dogon. Cikon ƙasa da yanka tudu duk a nan suke samuwa, kuma aikin na fita da kyau.

Shimfiɗa dogon kansa shi ne inda Trainz ta ci kuɗinta. Kana danna wuri, layi na bin ka. Kwana ce ke kayar da sababbi, don sukan cika ta da gaɓoɓi har ta karkace. Daidai shi ne ka ja miƙaƙƙu biyu, ka sa wa kowanne umarnin miƙewa, sannan ka haɗa bakunansu da zare ɗaya. Manhajar za ta lanƙwasa shi da kanta. A cikin tasha, inda layuka ke gefe da gefe, riƙe Shift lokacin aje gaɓa, in ba haka ba za ta manne da ta maƙwabta, ka wayi gari da mararraba a inda ba ka nufa ba, har da hannun juya layi a kai.

Ga wani abu da yawancin masu gini ke tsallakewa. Faɗin dogon Kaura mita 1.067 ne, ba 1.435 irin na Abuja zuwa Kaduna ba, kuma galibin dogon da ke zuwa cikin manhajar mai faɗin ne. Trainz ba ta damu ba, kowane tarago zai gudu a kan kowane dogo, sai dai ƙafafun su rataya a iska. Dole a shiga rumbun saukarwa nata a nemo ƙaramin dogo da taragogin da aka yi don Kwinsilan ta Ostareliya, ko Afirka ta Kudu, ko Niyu Zilan, waɗanda ke da faɗi irin namu. Rumbun cike yake, amma saukarwar kyauta tana da jan ƙafa sai an sayi tikiti, kuma kaya ɗaya kan dogara da wasu goma. In ɗaya ya ɓace, taragon zai fito ba ƙafa ko ya ƙi fitowa sam. Duba kowane kaya a Content Manager, sashen da ke kula da kayan da ka saukar, kafin ka aje shi a hanya.

A wajen ado kuwa manhajar ba ta san da mu ba. Ciyawa kore shar, itatuwan Turai, tashoshin Ingila da Amurka. Za a iya aron jar ƙasa da busasshiyar ciyawa daga kayan Ostareliya, a samu kuka da ƙaya daga na kudancin Afirka, amma ɗorawa da kaɗanya da gawo, da rumbu, da darni, da katangar laka mai rufin kwano, sai ka zauna da Blender, manhajar ƙera siffofin abubuwa a kwamfuta, ka ƙera su ko ka haƙura da mai kama. Gawo ma na da nasa sha'ani: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Tsarin sauyin yanayi na Trainz na ƙasashen sanyi ne, ba zai fahimci wannan ba. Gara ka zaɓi lokaci guda ka tsaya a kai. Bayan girbi ya fi sauƙi: kara a tsaye ko a tare, gona fayau, gulbi ya koma yashi da ɗan ruwa a tsakiya, ga hazon hunturu da ake samu ta ƙara hazo a saitin sararin sama a karkata launinsa zuwa ruwan ƙasa. Hazon na kuma ɓoye iyakar fegi. Kada a manta a sa wurin a digiri 12 arewa, in ba haka ba inuwa za ta yi tsawon ta Turai da tsakar rana.

Kuskuren da ke tona asirin hanya shi ne cunkoson itatuwa. Gonakin Zamfara itace ɗaya nan, ɗaya can, sai bakin rafi da kewayen ƙauye ne ke da duhuwa, inda darbejiya da mangwaro suka taru. Kowace bishiya a juya ta wata fuska, a kuma gauraya launin ƙasa uku ko huɗu, don launi ɗaya kan maimaita kansa ya yi zane-zane idan an hango daga sama.

Kwamfutar ofis ba za ta ɗauka ba. A nemi mai katin hoto na daban, ƙwaƙwalwar aiki gigabait 16, da faifan SSD. Saukarwar farko gomomin gigabait ce, a tanadi data. Ɗaukewar wuta ana tsaka da aiki na iya sa manhajar ta shiga gyaran rumbun bayananta na tsawon lokaci, don haka mai kwamfutar tebur ya sa mata UPS, ya kuma riƙa fitar da kwafin hanyarsa zuwa filash duk ƙarshen zama. A lura da shimfiɗa biyu da take ajiya a kai, ta hanya da ta zaman tuƙi: dogo da sigina da gine-gine a ta hanya suke zama, in ka aje su a ɗayar za su ɓace da zarar an buɗe sabon zama.

Ga mai son shimfiɗa dogo daidai da taswira, Trainz 2022 ta cancanci saye, kuma ba sai an shiga biyan wata-wata na Trainz Plus ba a farko. Wanda burinsa ya buɗe ya tarar da tashar Kaura a shirye, babu ita a ciki, kuma ko an sayi TransDEM, rumbuna da gawo suna jiran wanda ya iya Blender.