Ina Za Ka Ci Baga a Birnin Kebbi, Ina Kuma Za Ka Kauce Wa

Manyan kamfanonin baga (burodin da ake sa gasasshen niƙaƙƙen nama a tsakiyarsa) na duniya ba su iso mu ba. McDonald's ba ta da shago ko ɗaya a Nijeriya, Burger King kuwa sai a 2021 ta buɗe na farko, shi ma a Legas. Don haka duk bagar da za ka ci a Birnin Kebbi, ko a Gesse ne, ko GRA, ko cikin shagunan da ke tsintar ɗaliban Poli da na jami'ar Kalgo, ɗan gida ne ya haɗa ta da iya saninsa da iya tsoron Allahnsa. Babu wani ma'auni da ya ɗaure su. Shago biyu a layi ɗaya, hoto iri ɗaya a allo, farashi kusan ɗaya, amma abin da ke tsakanin burodin ya sha bamban.

Ni dai nawa zaɓin a fili yake: ƙaramin shagon da ake gasa naman a gabanka bayan ka biya. Ka yi oda a kanta, ka samu kujera, ka jira kamar minti goma. Wannan salon ne ya ɗaga irin su Five Guys a Amurka, waɗanda suka fara a 1986, kuma abin da suke tinƙaho da shi shi ne ba su ajiye firiza a shagunansu, sai firij kawai, domin namansu ba ya daskarewa. Mu da muke zaune a ƙasar shanu, da mahauta na yanka kullum safiya, mun fi su hujjar yin haka.

Tsaya ka kalli mai gashin da ya san aikinsa. Zai ɗebo dunƙulen niƙaƙƙen nama daga firij, ya ɗora a kan farantin ƙarfen da ya riga ya ɗau zafi, ya danne shi da faffaɗan cokali sau ɗaya, ya barbaɗa gishiri da masoro, ya ƙyale shi. Ba ya ta juyi, ba ya ta matsa shi har romon ya tsiyaye. Sai gefen ya yi duhu ya fara ƙauri sannan ya kankare shi ya kifa. A gefe guda albasa na laushi a cikin kitsen da ya narke, kuma albasa ba abin da za a yi mana rowarsa ba ne a jihar da ke da Aliero, garin noman albasa. Burodin ma sai ya tsaga shi ya shafa bota ya kifa a kan ƙarfen, domin burodin da ba a gasa ba yana shan ruwan tumatir ya koma jiƙaƙƙe tun kafin ka kai loma ta uku.

Sirrin kuma yana wajen kitse. Masu sana'ar sun fi yarda da kashi 80 tsoka, kashi 20 kitse. Shanunmu na kiwo ne, sun sha tafiya, namansu ba ya da maiƙo sosai, shi ya sa bagar wasu take fitowa a bushe tana maƙale maka a wuya. Mai hankali yakan sa mahaucinsa ya haɗa masa da ɗan tozo kafin a niƙa. Duk shagon da ka ji mai shi ya ambaci tozo ba tare da ka tambaya ba, zauna, ka zo wurin da ya dace. Aibinsa dai bai wuce biyu ba: hayaƙi zai kama maka riga, kuma bayan sallar isha'i layi yakan yi tsawo.

Sauran fa? Gidan abincin otal, kuɗin sanyin ɗaki da kujera kake biya. Mai shawarma da ya ƙara baga a allonsa, sayi shawarmarka ka wuce. Matan da ke yi a gida suna tallatawa a WhatsApp, akwai masu tsafta ƙwarai a cikinsu, sai dai kafin ɗan acaɓa ya iso da ita tururi ya gama da burodin.

Wanda ba na yafewa shi ne gidan da ake jera baga a akwatin gilashi, a naɗe a leda, fitila na haska ta tun hantsi, idan ka nuna a jefa ta a na'urar ɗumama abinci. A irin wannan gidan, a tsakiyar zafin Afrilu, aka sayar mana da ita ni da yara. Waje da zafi har tana ƙona yatsa, tsakiyar naman kuwa ja ne kuma da sanyi-sanyi, an lafta bama ta rufe ɗan tsamin da yake yi. Ƙaramar 'yata a gadon asibiti ta kwana ana mata ƙarin ruwa. Da na koma washegari, abin da yaron shagon ya iya ce mini shi ne, "Alhaji, ka yi haƙuri, kowa shi yac ci."

Mutane suna cewa ai muna cin tsire da ɗan ja a ciki ba abin da ke faruwa. Ba ɗaya ba ne. A yankakken nama ƙwayoyin cuta a bayansa suke zama, wuta na taɓa shi ta kashe su. Amma da zarar an niƙa, injin ya cuɗa na waje da na ciki, sai tsakiyar ta zama ita ce maɓoya. Shi ya sa ƙa'idar niƙaƙƙen naman sa ita ce zafin cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyos, na kaza kuma 74. A 1993 bagar da ba ta gasu ba a shagunan Jack in the Box ta sa mutum sama da 700 rashin lafiya a Amurka, yara huɗu suka mutu, ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ke nan. Mu a nan firiza tana daskarewa da dare, ta saki da rana, ta sake kamawa idan an ta da janareta. Masana lafiyar abinci sun ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, idan zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa 1 kacal. Daga Maris zuwa Mayu garin nan yana wuce 40. Sai ka lissafa awa nawa bagar gilashi ta yi tana jiranka.

Saboda haka kafin ka ciji, tsaga ta biyu ka duba. In da ja, mayar. In kuma ka samu leƙa inda suke ajiya ka ga jini ya daskare a gindin leda, naman ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi.

Sai maganar algus, wadda ita ta fi damuna. Niƙaƙƙen nama ba shi da fuska. Da ɗan garin burodi kaɗan don ya kama jiki ba laifi, amma akwai masu cika shi da fulawa da garin waken suya har naman ya zama ɗan rakiya, su rufe da kori da dunƙulen ɗanɗano. Alamarsa: launi ya yi fari-fari, yana danƙo a haƙori, kuma ko an gasa ba ya raguwa, alhali nama na gaskiya dole ya ɗan tsuke a wuta. Wannan ma mai sauƙi ne. A 2013 a Ayaland da Birtaniya an gwada bagar da ake sayarwa a manyan kantuna da sunan naman sa, aka samu naman doki a ciki, wata har kashi 29 cikin 100, wasu kuma da ɓurɓushin alade. Can da suke da ɗakunan gwaji ke nan. Mu kuma da kwastam suka sha kama buhunan busasshen naman jaki a jihar nan, ga iyaka da Nijar da Binin, ga kajin ƙanƙara da doka ta hana shigowa da su amma ba su daina ɓullowa ba, me zai sa mutum ya yarda da faifan nama daskararre a farar leda, babu suna, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa? Cinikin biri a sama ne. Haka sosej ɗin da ake yankawa a ƙara maka a matsayin gata: in ba su nuna maka kwalinsa ka karanta da idonka ba, ce a cire.

Tambaya ɗaya takan warware rabin wannan. Ka ce wa mai gashin, "Malam, wanga nama yaushe anka niƙa shi, kuma wurin wa kuka saye?" Mai gaskiya ba ya inda-inda, zai kira maka sunan mahaucinsa da layin da yake a kasuwa. Wanda ya ce "daga kamfani ake kawowa" ya kasa faɗin wane kamfani, ka sha lemonka ka tashi.

Ƙananan cutar ma suna da yawa. Cukun da ke zuba a hoton allo daga intanet aka sauko da shi, a taka bagar sai ka ɗaga burodi ka yi ta nema. Ana tsinka bama da ruwa a zuba a roba marar suna. Man da ake soya dankali ya yi baƙi yana kumfa, wataƙila da shi aka soya kifi jiya. Burodin da ya kumbura fiye da kima amma ka matse shi ya koma ba komai, ni ina zarginsa, domin NAFDAC ta haramta sinadarin buromet a burodi amma ba kowane gidan burodi ne ya tuba ba. Wasu kuma sai an kawo lissafi ka tarar dankalin da ka ɗauka haɗe yake da bagar kuɗinsa daban, robar tafiya da abinci ma kuɗinta daban. Tambayi jimilla tun a kanta.

Na baya-bayan nan su ne shafukan Instagram masu hotuna kamar a lasa, da adireshin da bai wuce "Birnin Kebbi" ba. Za a ce ka tura kuɗin abinci da na ɗan aike tukuna, kana turawa a toshe ka. In shago ba shi da ƙofar da za ka iya zuwa ka tsaya, ko wani da ka sani bai taɓa karɓar saƙo daga hannunsu ba, ka ce sai abinci ya iso za ka biya. In sun ƙi, nemi wani.