Aika kaya daga Maraɗi zuwa Arlit a kar: lafiya lau har Agadas, daga nan sai dabara

Kamfanonin kar (manyan motocin fasinja) da ke da tasha a Maraɗi suna karɓar koli, wato kayan saƙo, zuwa arewa, kuma ƴan kasuwa da iyalan ma'aikata sun daɗe suna dogara da su. Ga ƙaramin kaya mai jure wahala, hidimar ta cancanci kuɗinta. Ga abin da ke fashewa, ko tsiyaya, ko lalacewa da zafi, sai an yi shiri na musamman, don babu wanda zai yi maka shi a tasha.

Tsarin ba wuya. Ka kai kaya tun jajibirin tafiya, a duba shi ko a auna, a yanka kuɗi, a ba ka rasit mai lamba. Lambar ce za ka tura wa mai karɓa, shi kuma ya je da katin shaidarsa. Kuɗin ya danganta da nauyi da girma, kuma akan ƙara idan kayan mai tsada ne. Tambaya ɗaya ta fi farashi muhimmanci: motar da ta ɗauki kayan ita ce za ta kai Arlit, ko za a sauke a sake lodi? Galibi akan sauke, a Tawa ko Agadas idan an bi ta Madawa da Tsarnawa, ko a Damagaram idan an bi ta Tanut. A wurin sake lodin nan ne kaya ke kwana, a nan takardar suna ke ɓallewa. Saboda haka a rubuta suna da lambar waya da alƙalami mai kaurin rubutu a jikin buhun kansa, gefe biyu, a kuma saka wata takarda a ciki.

Inda hidimar ke gazawa shi ne tsakanin Agadas da Arlit, wajen kilomita 240, kuma laifin ba na direbobi kaɗai ba ne. Arlit gari ne da yuraniyom ya haifa. An kafa kamfanin haƙar yuraniyom na SOMAIR a 1968, aka gina garin a 1969, aka fara fitar da ma'adini a 1971. Kamfani na biyu, COMINAK, ya biyo baya a Akokan kusa da Arlit, ya fara haƙa a 1978. Kwaltar Tawa zuwa Arlit, wadda ake kira hanyar yuraniyom, an shimfiɗa ta a ƙarshen shekarun 1970 don manyan motocin ma'adini. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa garin ba. Shekara da shekaru an yi ta loda gangunan yuraniyom a mota har Paraku ta ƙasar Benin, daga can dogo mai kilomita 438 ya kai ta tashar ruwan Kwatano. Kenan duk nauyin da ya kamata dogo ya ɗauka, kwalta ɗaya ce ta ɗauke shi fiye da shekara arba'in. Yau a wurare da yawa kwaltar ta cinye, direba na sauka gefe ya bi rairayi da tsakuwa. An rufe mahaƙar COMINAK a ƙarshen Maris na 2021, amma mutanen garin suna nan, kuma kusan duk abin da suke ci daga kudu yake zuwa. Shi ya sa cikin kar ba ya rabo da buhuna.

Girgizar wannan hanya ita ke gwada ɗaurin kaya. Man gyaɗa shi ne na farko a ɓarna. Idan aka cika jarka har wuya, zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yakan sa man ya kumbura ya tura murfi. A bar sarari kamar yatsa uku, a rufe bakin da leda ninki biyu kafin a murɗa murfi, a ɗaure jarkar cikin buhu. In ta tsiyaya, ba kayanka kaɗai ta ɓata ba, har atamfar wani. Ƙuliƙuli a leda ɗaya yakan iso a dagargaje, gara a zuba shi a bokiti mai murfi. Aya, busasshen zogale, gero da wake ba su da matsala, in dai buhun biyu ne, don ƙura na shiga ɗakin kaya ta ko'ina. Kilishi na so a naɗe shi a takarda tukuna, leda kai tsaye na sa shi gumi.

Farantin sola da talabijin kuwa, shawara ita ce kada a aika su ba mai rakiya. Masu lodi na kwantar da su a ɗora buhu a kai, alhali a tsaye ya kamata su yi tafiya, da kwali ko katifa a kowane gefe. In sun tsage, biyan diyya sai an kai ruwa rana, musamman idan ba a rubuta ƙimar kayan a rasit ba. Fetur da tukunyar gas ba a ma kawo zancensu.

Kan lokaci, kada a yi wa kowa alkawarin rana. Akwai shingayen jami'an tsaro da na duwan, kuma a Yuli da Agusta ruwan koramu daga duwatsun Abzin na iya tsare mota sa'o'i. Kayan biki ko na suna a tura shi da ratar mako guda.

Ma'aikatan tasha suna ƙoƙari wajen ɗaga waya, sai dai ba su da hanyar sanin inda koli yake in ya bar Maraɗi, sai sun kira takwarorinsu. Wanda ya karɓi lambar mai kula da kaya na Agadas tun ranar aikawa ya rage wa kansa zirga-zirga. Dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 zai sauƙaƙa shigowar kaya daga kudu idan an gama shi, amma a Maraɗi zai tsaya. Mai kaya sama da buhu goma ya nemi babbar mota a tashar ƴan arewa, ya fi masa araha.